Hisabi ba tsibbu ba ne, jama'a

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka raba lissafi gida biyu a Birnin Gwari: na aji mu ce boko ne, na zaure mu ce tsibbu ne. Yaro ya ga hatimi, ya ce laya ce. Babansa ya ga aljabara, ya ce kayan Turawa ne, alhali Alhawarizmi ya rubuta littafinta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma kaso mai tsoka na littafin wasiyya ce da rabon gado. Haba jama'a!

Ku ɗauki hatimin nan mai gida tara. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Ku tara a kwance, a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ku samu, kuma 5 ba ta zama ko'ina sai tsakiya. To, malam ne ya ƙirƙiri 15 ɗin nan, ko tana nan tun kafin ya fiƙe alƙalami?

Wannan ce tambayar da manya suka yi ta ja a kanta. Aflatun ya ce lamba tana da wanzuwarta, gano ta muke yi. Almajirinsa Aristo ya ce a'a, daga abubuwa hankali ke tsamo ta, kamar yadda dillali a kara ke gane bakwai daga shanu bakwai. Ihwanus Safa na Basara, a ƙarni na 10, da lissafi suka buɗe wasiƙunsu, don suna ganin hanya ce ta gane kaɗaitar Mahalicci. Hilbert na Jamus ya nemi a tsayar da lissafi kan alamomi da ƙa'idoji kawai, sai Gödel ya nuna a 1931 cewa a irin wannan tsari akwai maganganun da ƙa'idojin ba za su iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba.

Mu fa? Mun bar yaranmu da hadda don WAEC da NECO. Ɗalibi nawa ne a makarantunmu ya taɓa jin sunan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rubuta littafi kan hanyoyin tsara hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741? Masana a waje suna nazarinsa, mu kuwa mun naɗe hatimin a fata mun rataya a wuya.

Na yarda, shi kansa ya haɗa aikinsa da ilimin asirai, kuma tsarin zamani ne ya haifi kwamfuta. Amma hakan bai mayar da 15 siddabaru ba.

Malaman lissafi, don Allah ku zana hatimin nan a allon aji, ku tambayi yara daga ina 15 ta fito. Malaman zaure, ku koya wa almajirai hisabin da ke cikinsa. Gadonmu ne, kada mu bari ya salwanta.