Koyar da Tarihi ta Hanyar Wasan Kwaikwayo

Mu da muka yi elementare mun san yadda aka koya mana tarihi: malami ya rubuta sunayen sarakuna da shekarunsu a allo, mu haddace, ran jarrabawa mu mayar masa da kayansa, bayan wata guda mun manta. To, akwai wata dabara da wani malamin tarihi mai suna Mark Carnes ya ƙago a kwalejin Barnard ta birnin Niyok, a Amurka, kafin shekarar 2000. Sunanta Reacting to the Past. Ita nake so mu auna, mu ga amfaninta da aibinta.

Ga misalinta. A ɗauki juyin mulkin Faransa wanda ya soma a 1789. Sai a ce aji ya zama majalisar ƙasa a birnin Faris cikin 1791, bayan an kamo Sarki Luwi na 16 yana ƙoƙarin gudu. A naɗa yaro guda sarki, waɗansu su zama sarakai da limaman kirista, waɗansu masu son sarauta ta zauna amma a ɗaure ta da doka, waɗansu masu zafin ra'ayi, waɗansu kuwa talakawan gari. A bar kaɗan ba su da ɓangare, su ne kowa ke zawarci. Kowa ya karanta littattafan zamanin, kamar na Ruso na 1762, ya rubuta jawabi, ya tashi ya kāre matsayinsa, sa'an nan a jefa ƙuri'a. Malami ya koma gefe. Ana yin makonni ana wannan.

Amfaninta a fili yake, gama gani ya kori ji. Yaron da aka ba matsayin sarki dole ya nemi hujjar sarki, ko da a ransa yana tare da talakawa. Daga nan zai gane mutanen dā ba wawaye ba ne, kuma ba su san abin da gobe za ta haifa ba. Mu ne muka san an sare kan Luwi ran 21 ga Janairu, 1793. 'Yan majalisar 1791 ba su sani ba, yawancinsu ma ba su nufi haka ba. Wannan ilmi hadda ba ta ba da shi.

Amma fa ina da suka uku. Na fari, yunwa ba ta kwaikwayuwa. Matan Faris da suka taka har fadar Basai ran 5 ga Oktoba, 1789, tsadar burodi ce ta fito da su. Yaron da ya karya kumallo ya ƙoshi, in ya yi ihu ya ce yana jin yunwa, 'yan'uwansa dariya za su yi. Sai ya ɗauka juyin mulki gardama ce kurum, wadda mai kaifin baki ke cinyewa, ya manta da jinin da aka zubar.

Na biyu, wasan yana iya ƙarewa saɓanin abin da ya auku, watau sarki ya tsira da rawaninsa. Gaskiya ne akan zauna daga baya malami ya warware yadda abin ya kasance. Amma abin da mutum ya yi da jikinsa makonni ya fi zama a zuciya bisa ga bayanin sa'a guda.

Na uku shi ya fi damuna. Ba'amurke yana iya wasa da tarihin Faransa don ba kakansa ba ne. A ce mu muka ɗauki jihadin 1804, daga hijira zuwa Gudu har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Wane yaro za a ce ya zama Shehu Usmanu? Wa zai yarda ya zama Yunfa, alhali jikokin Gobirawa da na masu tuta suna kan benci ɗaya? In kuwa an bar ƙuri'a ta juya labarin, ina tsoron maganar ta fita daga aji ta shiga gari. Ko tarihin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, akwai gidajen da tabonsa bai warke ba.

Saboda haka ga hukuncina. Dabarar tana da kyau, kada mu ƙi ta, tun da mu ma mun saba da kwaikwayo a tashe da wasan gauta. Sai dai a fara karatu kafin wasa, a fara da labarin nesa kafin na gida, kada kuma a sa yaro ya ɗauki siffar wanda jama'a ke girmamawa don addini. Malamin da bai iya kashe gardama ba kada ya kunna ta. Allah ya sa mu amfana da labarin waɗanda suka riga mu, amin.