Mai Bin Gaɓa Yana Neman Ramin Ɓera

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Jazira a Sudan ya san gafir, mai gadin ruwa. Tun kafin manoma su fito hawasha, wato gonakinsu, yake bin gaɓar tur'a, hanyar ruwan, idonsa a ƙasa. Ruwan nan daga madatsar Sinnar ya taso, wadda aka kammala a 1925. Ya bi babbar hanya, ya rarrabu a ƙanana, ya faɗa ƙaramar hanyar da ake kira abu-ishirin, sannan wata ƙarama mai suna abu-sitta ta kai shi gindin auduga da dawa. Filin noman ya haura fadan miliyan biyu a ma'aunin gona na Sudan, amma ramin ɓera guda a jikin gaɓa ya isa ya hana mutum goma ban-ruwa. Gafir na ƙwarai yakan hango danshi inda bai kamata a ga danshi ba, ya tsuguna, ya zura sanda, ya ce nan da jibi wurin nan zai ɓalle. A zuba ƙasa a daddale, ruwa ya wuce lafiya, ba wanda ya san an yi wani abu.

Shi na tuna ranar da na zauna kusa da ɗan ƙanwata a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaron yana karatun kwamfuta a Wad Madani ne yaƙi ya watse su, ya dawo gida da tsohuwar kwamfutar cinya wadda batirinta ba ya kai awa biyu. Na same shi ya ƙura wa baƙin allo ido, rubutu na gangarowa.

"Kawu, matso ka ga wani abu," in ji shi.

Shafin banki ne na gwaji, wanda aka gina da gangan da ɓaraka a ciki domin masu koyo. Ya shiga a matsayin mai asusu, ya danna a nuna masa abin da ya rage. Kafin saƙon ya isa can, sai ya tare shi a hanya da wata manhaja mai suna Burp Suite, ya buɗe cikinsa kamar mai buɗe wasiƙa. A ciki akwai lambar asusunsa, 1041. Ya goge ɗayan ƙarshe ya sa biyu, ya saki saƙon. Sai ga asusun wani ya bayyana, da suna da kuɗi da komai. Bankin ya tambayi wane ne shi a bakin ƙofa, amma da ya shiga bai ƙara tambayar ko ɗakin da yake buɗewa nasa ba ne.

Na ce, "To ɗana, da a ce bankin gaske ne fa?"

"Da na gaske ne, Kawu, ko lambar ba zan taɓa ba sai da takardar izini a hannuna."

Wannan ita ce sana'ar mai kutse da izini. Ma'aikata ko banki ko asibiti kan ɗauko shi su ce: ga gidanmu, shiga ta inda ɓarawo zai shiga, ka zo ka faɗa mana. Kuma ban san wani wuri da yake buƙatar irinsa kamar ƙauyukanmu a yau ba. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, rassan bankuna suka rufe, tsabar kuɗi ta yi wuya, dukiyar mutane ta koma cikin waya. Da Bankak, manhajar Bankin Khartum, mai shayi take karɓar kuɗinta, da ita masunci yake sayar da kifi, da ita ɗan'uwa a Jidda yake ciyar da gida guda. Da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a Fabrairun 2024, mutane sun yi tafiyar sa'o'i suna biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink don kawai saƙon kuɗi ya shigo. Canjin takardun kuɗi na Disamban 2024 ya ƙara tura waɗanda ba su taɓa buɗe asusu ba zuwa banki. Rumbu ya koma cikin waya, ɓeraye kuma sun biyo shi: mai nuna hoton ish'ar, wato shaidar tura kuɗi, na jabu ya kwashi kaya, mai kira ya ce shi ma'aikacin banki ne a karanto masa lambar da ta shigo yanzu.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne tsarinsa. Kafin a taɓa komai sai an rubuta yarjejeniya: waɗanne na'urori aka yarda a gwada, daga yaushe zuwa yaushe, me aka hana, wa za a kira in wani abu ya tsaya. Abin da ba ya cikin takardar, ko a buɗe yake hangame, ba a shiga. Daga nan sai share fage, wanda yakan ci lokaci mai yawa. Mai kutse zai tattara duk abin da ma'aikatar ta bari a fili ba ta sani ba: sunayen ma'aikata, tsarin adireshinsu na imel, tsofaffin shafuka da aka manta ba a rufe ba. Sannan ya ƙwanƙwasa ƙofofi. Kowace kwamfuta da ke kan intanet tana da ƙofofi 65,535 masu lamba, kuma Nmap, manhajar da Gordon Lyon ya fitar a 1997, tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana faɗin wacce ke buɗe da abin da ke zaune a bayanta. In ta ce ga wata tsohuwar manhaja da ba a sabunta ba shekara uku, sai a duba kundin ɓarakar da duniya ta riga ta sani, wanda ake ba kowace lamba tun 1999, a ga ko akwai tata a ciki.

Duk wannan na'ura na iya yi. Inda gwaninta take shi ne abin da yaron ya nuna mini: ya kalli saƙo ya tambayi kansa, wanda ya gina wannan, me ya ɗauka ba wanda zai yi? Ya ɗauka ba wanda zai canza lambar. Ya ɗauka ba wanda zai rubuta umarni a gurbin suna, har rumbun bayanai ya karɓe shi a matsayin umarni ya zazzage abin da ke cikinsa. Ya ɗauka ba wanda zai aika kuɗi da alamar ragi a gaba, har asusunsa ya ƙaru maimakon ya ragu. Gwani yakan sami ƙananan kafofi uku waɗanda kowacce ita kaɗai ba komai ba ce, ya ɗinke su wuri guda su zama hanya har cikin ɗakin ajiya. Wannan yana son haƙuri irin na mai kamun kifi da ƙugiya. Kwana uku na iya wucewa ba a sami komai ba.

In ya shiga, sai ya tsaya. Ya ɗauki shaidar da za ta isa a yarda da shi, bai kwafi bayanan mutane ba, bai goge komai ba. Sai ya zauna rubuta rahoto, wanda masu sana'ar ke cewa shi ne ainihin abin da ake biya. A ciki zai jera yadda ya bi mataki-mataki ta yadda injiniyan gidan zai iya maimaitawa, ya auna girman haɗarin a kan ma'auni daga 0 zuwa 10, ya faɗi gyaran, ya kuma rubuta shafi guda da manaja wanda bai san kwamfuta ba zai karanta ya gane. Wanda ya sami ɓaraka a manhajar da duniya ke amfani da ita kuwa, al'ada ita ce ya sanar da masu ita a asirce ya ba su lokaci. Masu bincike na Project Zero a Google kwana 90 suke bayarwa kafin su bayyana.

Na daɗe a kan maganar tsayawar nan ne saboda mun ga ɗaya fuskar kutse da sunan ƙasarmu a jiki. A Oktoban 2024 hukumomin shari'a na Amurka suka tuhumi wasu 'yan'uwa biyu 'yan Sudan da tafiyar da ƙungiyar Anonymous Sudan, wadda ake zargi da kai hare-hare sama da 35,000 na cunkushe shafuka har su durƙushe. Cikin waɗanda abin ya shafa har da Microsoft, da asibitin Cedars-Sinai a Los Anjeles, inda sashen gaggawa ya yi kusan awa takwas yana tura marasa lafiya wani wuri. Na ji samari suna ambaton su da alfahari, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Mu da muka san yadda ake ɗaukar mai naƙuda a amalanke ana neman asibitin da ke buɗe, bai kamata mu ga jarumta a rufe ƙofar asibiti ba. Ga shi ta fuskar ilimi ma cunkushe shafi ba ya buƙatar basirar da ake buƙata wajen gano lambar nan guda da aka manta ba a tsare ba.

Sai maganar shahada, wato takardar shaidar ƙwarewa, wadda ita iyaye suka fi tambaya. Security+ ta CompTIA ita ce matakin farko, tambayoyi ne na minti 90 kan tushen tsaro. CEH ta EC-Council ta fi suna a tallan aiki, musamman a ƙasashen Larabawa: tambayoyi 125 cikin awa huɗu, mutum na zaɓar amsa. Tana buɗe ƙofar ofis, amma ni a ganina ba ta nuna hannu. Wadda masu sana'ar ke girmamawa ita ce OSCP. A nan ba a tambayarka komai. Za a ba ka kwamfutoci a ce shiga, a sa maka ido ta kyamara kusan awa 24, kana neman maki 70 cikin 100, sannan a ƙara maka wasu awa 24 ka rubuta rahoto. Wanda ya shiga duka amma rahotonsa bai fito ba zai iya faɗuwa. CISSP kuwa ta manya ce masu shugabancin tsaro, tana neman shekara biyar ta aiki.

Ga yaron ƙauye a Jazira, kowace cikinsu dutse ce. OSCP ta haura dala dubu, ana biya da katin waje, kuma jarrabawar awa 24 tana son wuta da layin da ba sa yankewa. Kafin wannan ma, takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya hana tsara guda ta ɗaliban Sudan sauke manhajoji da shiga darussa da yawa, sai ta bayan gida. Sauƙin da aka samu shi ne ilimin kansa ya zama kyauta. Kali Linux, tsarin da ya tattara kayan aikin, ba a sayensa. Makarantar intanet ta PortSwigger, masu Burp Suite, kyauta ce, kuma irin shafin gwajin da na gani akwai su da yawa a can. Akwai picoCTF ta Jami'ar Carnegie Mellon ga mai farawa, akwai TryHackMe da Hack The Box. Akwai kuma HackerOne da Bugcrowd, inda kamfanoni ke shelanta izini a fili su biya lada ga duk wanda ya kawo ɓaraka. Ko ma'aikatar tsaron Amurka ta buɗe irin wannan a 2016. A HackerOne da Bugcrowd ba a tambayar mutum shahadarsa, rahotonsa ake karantawa. Hanya ce mai wuya, don sau da yawa za ka kai ɓaraka a ce wani ya riga ka, amma rahoto biyar da aka karɓa suna magana a gaban mai ɗaukar aiki.

Ɗan ƙanwata bai sami shahada ko ɗaya ba tukuna. Yakan sauke darasi in layi ya zo, ya yi aikinsa da dare in an sami caji daga faifan rana na maƙwabta. Amma unguwar ta riga ta san amfaninsa. Rannan wata dattijuwa mai sayar da ƙosai ta zo da wayarta, an kira ta an ce asusunta zai rufe in ba ta karanto lamba ba. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya ce, "Inna, lambar nan kamar makullin ɗakinki ce, ko ni na tambaye ki kada ki ba ni." Ya canza mata lambar sirri daga shekarar haihuwar autanta zuwa wadda ba a iya cinka, ya juya baya har ta gama dannawa da kanta. Ya kuma nuna mata yadda za ta buɗe asusunta ta ga kuɗi sun shigo da idonta kafin ta miƙa kaya, ko da mai saye ya nuna mata hoton ish'ar. Sau uku ya sa ta maimaita. Da za ta tafi ta ce gobe za ta turo kishiyarta da tata wayar.