BABI NA HUƊU: DAWOWAR MATASA GA WAƘOƘIN IYAYENSU, MISALI DAGA ALHAJI MAMMAN SHATA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan rayuwar Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a shekarar 1923, ya kuma rasu a watan Yuni na shekarar 1999. A wannan babi kuwa za a duba wani al'amari da ake gani tsakanin matasa, wato yadda yaron da ya tashi yana kiran waƙoƙin Shata waƙar tsofaffi, yakan dawo daga baya yana neman su da kansa. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa begen iyaye ne kawai ke jawo haka. Wannan babi zai yi ƙoƙarin nuna cewa akwai dalilai a cikin waƙoƙin kansu, waɗanda suka shafi tsari da harshe da turke.

4.1 Dalilan Gudun Waƙar Tun Farko

Yawancin matasan da ake magana a kansu sun fara jin Shata ne ba da zaɓinsu ba. Wani a rediyon mahaifinsa ya ji shi, musamman daga Rediyon Kaduna, wani kuma a kaset cikin mota a kan hanyar zuwa ƙauye lokacin salla. A daidai wannan lokaci ne kuma waƙoƙin finafinan Hausa suka yi ƙarfi, tun daga ƙarshen shekarun 1990, inda fiyano ya maye gurbin kalangu da kotso da kuntigi a kunnen yara.

Waƙar fiyano tana da siffofin da ke saurin kama zuciyar yaro. Ana rubuta ta kafin a shiga ɗakin ɗaukar sauti, tana da amsa-amon waje a ƙarshen kowane baiti, ba ta da tsawo, kuma mafi yawan turkenta soyayya ne. Idan yaron da ya saba da wannan ya saurari Shata, abin da yake ji shi ne kiɗa ɗaya da amshi ɗaya ana ta maimaitawa, ga kuma sunayen mutanen da bai san su ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ya yanke hukuncin cewa waƙar ba ta tafiya ko'ina.

4.2 Tsarin Waƙa: Gindi da Ɗiya

Hukuncin da aka ambata a sama ya samo asali ne daga auna waƙar baka da ma'aunin rubutacciyar waƙa. Kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na shekarar 1993, waƙar baka tana ginuwa ne a kan gindi da ɗiya. Gindin waƙa shi ne abin da 'yan amshi ke komawa gare shi, ɗiya kuwa su ne abin da jagora ke ƙullawa a tsakani.

A wajen Shata, 'yan amshi ba su cika yin ƙari ko karɓe ɗa daga bakin jagora ba, kamar yadda ake samu a wajen makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo. Aikinsu shi ne riƙe gindin waƙa, wanda sau da yawa bai wuce layi ɗaya ba. Wannan ya sa nauyin waƙar gaba ɗaya ya hau kan jagora. Yayin da 'yan amshi ke maimaita gindi, shi kuwa yana shirya ɗan da zai biyo baya, nan take, a gaban jama'a. Ke nan maimaitawar da yaro yake ƙosawa da ita, ita ce ke ba mawaƙin damar numfasawa da tunani.

Ana iya ganin haka a fili a waƙarsa ta Bakandamiya, wadda ya rera sau da dama a wurare daban-daban. Duk wanda ya saurari ɗauka biyu zai tarar gindin bai sauya ba, amma ɗiyan sun bambanta, wasu an ƙara, wasu an rage, wasu an sauya musu wuri. Mai sauraron da ya gano haka ya daina jiran amshi ya wuce, sai ya koma jiran abin da Shata zai zo da shi bayan amshin. A nan ne sha'awa take farawa.

Haka kuma kalangu ba rakiya kawai yake yi ba. Makaɗi yakan matsa tsirkiya ko ya sassauta ta domin sautin ya hau ko ya sauka, ta yadda zai bi karin sautin Hausa. Kunnen da ya saba da harshen sosai shi ne yake jin cewa gangar magana take yi.

4.3 Harshe da Turke

Dalili na biyu ya shafi harshe. Shata yakan yi amfani da Hausar kasuwa da tasha da dandali, cike da karin magana da habaici da zambo da kirari. Kalmomin ba su da tsauri, amma abin da ke ƙarƙashinsu yana bukatar wanda ya ga rayuwa. Yaro ɗan shekara 12 zai iya haddace habaicin da aka yi wa marowaci ko mahassadi ba tare da ya taɓa shi ba. Amma idan ya kai shekarun neman na kansa, ya nemi taimako an juya masa baya, ko ya ga wanda ya yi wa alheri ya saka masa da sharri, sai maganar ta zo masa da wani nauyi dabam. Masu iya magana suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Irin wannan ne ake samu a wajen Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a shekarar 2015. Shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa ba tare da 'yan amshi ba, kuma ya fi karkata ga talakawa da zaman aure da halin ɗan'adam, kamar a waƙarsa ta Karen Mota. Wanda bai san wahalar neman abinci ba zai ɗauke ta waƙar ban dariya. Wanda ya san ta kuwa zai ga cewa ana ɗaga darajar mai ƙaramar sana'a ne.

4.4 Waƙar Tsofaffi ko Waƙar Samari?

Akwai wani abu da matasa kan manta, wato Shata bai fara a matsayin mawaƙin dattawa ba. Bai gaji waƙa ba, kuma mahaifinsa bai so ya yi ta ba. A dandali ya fara, tsakanin samari da 'yan mata, yana tallar goro da alewa. Har bayan ya shahara akwai malamai da dattawan da suke ƙyamar wasu waƙoƙinsa, musamman waɗanda suka shafi shaye-shaye da zaman bariki. Sai daga baya ne ya kai matsayin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a shekarar 1988.

Wannan yana nuna cewa mahaifin da ke hana ɗansa jin waƙar fiyano, mai yiwuwa shi ma an taɓa yi masa faɗa a kan jin Shata. Idan matashi ya fahimci haka, sai ya fara kallon mahaifinsa a matsayin wanda ya taɓa yin samartaka, ya je dandali, ya kuma yi zaɓin da manyansa ba su so ba. Sau da yawa wannan fahimta ba ta zuwa sai bayan mahaifin ya kwanta dama, lokacin da babu wanda za a tambaya.

4.5 Inda Gizo ke Saƙa

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce duk abin da Shata ya rera zai rayu daidai da juna. Wani kaso mai yawa na waƙoƙinsa yabo ne na sarakuna da attajirai da 'yan kasuwa da direbobi. Wasu daga cikinsu jerin sunaye ne da kyaututtuka, waɗanda armashinsu ya dogara ga sanin mutanen da aka ambata. Iyaye sun san su, ko sun san labarinsu, don haka ambaton suna ɗaya ya isa ya tayar musu da tarihi guda. Ga ɗan yau kuwa sunan ya zama fanko. Haka nan akwai zambon da ya yi kaifi har ya shiga cin mutunci, wanda ba lallai ne mai nazari ya kare shi ba don kawai Shata ne ya yi.

Wannan shi ne haɗarin da ke tattare da yadda waƙoƙin suke yawo a wayoyin hannu da YouTube. Sautin ya tsira daga lalacewar kaset, amma bayanin wanda aka yi wa waƙar, da wurin da aka yi ta, da dalilin yin ta, bai biyo shi ba. Littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a shekarar 2006, ya cike wani ɓangare na wannan giɓi, sai dai ragowar yana cikin kawunan dattawan da suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa dawowar matasa ga waƙoƙin Shata ta dogara ne ga abubuwa uku: gane aikin gindi da ɗiya, isa shekarun da habaici da karin magana ke yin ma'ana, da kuma sanin cewa waƙar ta taɓa zama ta samari. An kuma ga cewa waƙoƙin yabo sun fi sauran fuskantar barazanar rasa ma'ana. Saboda haka ya kamata ɗalibai su zauna da iyayensu su rubuta bayanin waɗannan sunaye tun suna raye. A babi na gaba za a ɗauki Bakandamiya a yi mata cikakken nazari ta fuskar salo da sarrafa harshe.