Mazaunin Inji da Yayin Sauya wa Tsofaffin Motoci Inji

A Amurka an daɗe ana yayin cire injin tsofaffin motoci, irin su Chevrolet Camaro ta 1967 zuwa 1969, ana saka musu inji na zamani, musamman dangin LS na kamfanin General Motors, wanda ya fara fitowa a motar Corvette ta 1997. Sai dai masu wannan sha'awa sukan zuba hankalinsu kan ƙarfin injin, su yi wa mazauninsa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ƙarfen nan mai haɗe da roba da ke ɗaure inji a jikin shasi yana shanye girgizarsa.

Tsohon injin Chevrolet yana ɗaurewa da noti uku a kowane gefe, LS kuwa da huɗu, shi ya sa ake sayar da farantan ƙarfe da ke haɗa sabon inji da tsohon mazauni. Farantin ba ya raba makanike da awo, domin dole kaskon man inji ya kauce wa ƙarfen da ya gitta shasi da kuma sandunan sitiyari, sannan inji da giyabos su ɗan karkata baya da kamar digiri 3, daidai da karkatar mahaɗar aksul na baya, in ba haka ba farfela za ta yi ta rawa har gaɓoɓinta su ci.

Abin da ya fi damuwa shi ne yadda ake guje wa roba ana rungumar mazaunin zallar ƙarfe don kwaikwayon motocin tsere. Fargabar tsinkewar roba tana da tushe, tun da a 1971 General Motors ya janye motoci wajen miliyan 6.7 saboda mazaunin hagu yakan rabu, injin ya ɗago ya ja totur. Amma tuni aka samu mazaunin roba mai harshen ƙarfe a ciki, wanda ke riƙe inji ko da robar ta yage. Ƙarfe zalla kuwa yana miƙa dukkan girgiza ga jikin motar da ta haura shekara hamsin, yana kwance noti, yana tsaga tsohuwar walda.

Motar da za ta hau titi kullum, roba mai kyau da awo na tsanaki ne suka dace da ita. Mazaunin ƙarfe a bar wa filin tsere, inda ake duba mota akai-akai.