Zubin Magana Jari Ce a Matsayin Hanyar Koyar da Ƙagaggen Labari ga Yara

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam ya zo da hanyar koyar da shi a cikin zubinsa, amma a azuzuwa da yawa na firamare da ƙaramar sakandare an ɗauki labaran an yar da hanyar. Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina aka aro shi zuwa Hukumar Talifi ta Zariya cikin 1936, ya yi aikin tare da Dokta R. M. East, littafin ya fara fitowa a 1937. Wato malami ne ya rubuta shi, kuma don 'yan makaranta.

Inda matsalar take

Abin da aka saba shi ne malami ya tsamo labari guda, a karanta, ya jera tambayoyi a allo, ya rufe da neman darasin da aka koya. To, amma a cikin littafin babu labarin da aka bayar haka kawai. Kowanne yana da mai ba da shi, da wanda ake ba, da bukatar da ake son biya da shi. Yaron da aka raba da wannan ya san abin da ya auku, bai san dalilin faɗarsa ba, alhali daga wannan dalili ne nazarin adabi ke somawa. Littattafan uku kuwa kowanne yana ɗauke da dabara guda.

Jan rai

A littafi na ɗaya Aku yana ba Musa ɗan Sarki labarai ne don ya hana shi fita daga gida ya faɗa tarkon Waziri. Ke nan in labari ya yi sanyi, rai ne zai salwanta. A ajin firamare sai yaro ɗaya ya zama Musa, ya tsaya a bakin ƙofa, wani ya zama Aku ya tsare shi da labari. Duk inda Musa ya ɗaga ƙafa zai fita, sai a dakata a tambayi aji me ya sa labarin ya sake shi a nan. Ta haka yara za su gane jan hankali a aikace tun kafin su ji sunansa.

Gasa

Littafi na biyu gasa ce tsakanin Aku da wani aku abokin karawarsa. Sai a raba aji biyu, a naɗa alƙalai daga cikin yaran, da sharaɗin duk hukunci sai da hujja. Alal misali, a labarin Kalala da Kalalatu, matar ta cinye kajin da aka shirya wa baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da mijinta ke wasawa, sannan ta ce wa mijin baƙo ya gudu da kaji. Yara uku su kwaikwayi wannan, a tambayi sauran abin da miji ya sani, da abin da baƙo ya sani, da abin da mai karatu ya sani. Nan za su gano cewa dariyar ta fito ne daga sanin abin da mutanen labari suka jahilta. Bugu da ƙari, da yake labarai da dama karin magana ne sunansu, malami na iya ɓoye suna, kowane ɓangare ya kawo karin maganar da ta dace ya kare ta.

Gyara

A littafi na uku Aku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar ba da labari. Wannan ya fi dacewa da ƙaramar sakandare. Imam kansa ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da wasu wurare, ya sa musu rigar Hausa har ba a ganin ɗinki. Sai almajirai su ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi su mayar da ita garinsu, da kasuwarsa da sana'o'insa, su rubuta, abokin zama ya gyara, ya faɗi dalilin gyaran.

Kammalawa

Wani zai ce ajinsa ya cika maƙil, littattafai kuma ba su wadata ba. Dabara ta ɗaya da ta biyu littafi guda a hannun malami ya ishe su. Haɗarin da ya fi wannan shi ne wasa ya maye gurbin karatu, yara su tashi da nishaɗi ba su taɓa Hausar Imam ba. Saboda haka wajibi ne kowane aiki ya ƙare da komawa ga shafi, a nemo jimlar da ta haddasa dariya ko fargaba, a karanta ta a fili. Haka kuma sai malami ya zaɓi labarin da ya dace da shekarun ajinsa, ya fara warware kalmomin sarauta da na yaƙi. Ina ba da shawara kwalejojin horon malamai su sa wannan zubi cikin darasin dabarun koyar da Hausa, a gwada shi lokacin koyon aiki.