Baƙon da ke Cikin Kwamfuta

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta ke Kalgo, wata al'ada ta samu gindin zama a ɗakunan masu koyon kwamfuta: ajiye baƙo. Ɗalibi yana da laftof guda mai Windows, darasi kuma yana son Linux. Sai ya sauke VirtualBox, ya yanka wa Ubuntu ɗaki a ciki. Baƙo ke nan da mai masaukinsa. Saukar da shi ba wuya. A wajen buɗe masa ƙofar intanet ne ake jin jiki.

Idan ba a taɓa komai ba, VirtualBox kan ɗora baƙon a kan tsarin NAT. Ya ba shi adireshin 10.0.2.15, mafitarsa 10.0.2.2, duk saƙonsa ya fita da sunan mai gida. Shi yana iya leƙa waje, amma na waje ba ya ganinsa. Ɗalibin da ke son gwada sabar da ya gina sai ya ga wannan ya yi masa kaɗan, ya nufi YouTube.

A nan gizo ke saƙa. Mai bidiyon yana zaune a Amurka ko Indiya, da rauta a gida wadda adireshinta ba ya motsi. Ya ce a koma tsarin gada, inda baƙo ke tsayawa da ƙafarsa a kan netwok, a rubuta masa 192.168.1.50. Namu kuwa intanet ɗinsa hotsifot ne na waya, yau tasa, gobe ta abokin ɗaki. IPhone na raba adireshi masu farawa da 172.20.10, sababbin Android kuma kan sauya nasu. Na ga wani ɗan Gwandu ya kwana a kan fayil ɗin Netplan, wanda Ubuntu ta koma amfani da shi wajen saita netwok tun 2017. Ya kwafe komai daidai wa daida, har da sunan eth0, alhali sunan katin netwok na baƙonsa enp0s3 ne. Da asuba ya rantse cewa netwok ne babu. Netwok kuwa cike yake a wayarsa.

Kwafi ba laifi ba ne, balle a Gwandu, inda da hannu aka yi ta kwafe littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Sai dai magabata idan sun gama sukan yi muƙabala, su gwada kwafin da asali. Muƙabalar wannan fanni ba ta cin minti guda: ka buga umarnin ip a, ka ga sunan katinka da adireshin da aka ba ka, sannan ip route ya nuna maka mafita. Wannan muƙabalar ce aka yar.

A ganina ma gadar ba ta dace da mai hotsifot ba. Gara a ba baƙo kati biyu: NAT don fita, da wanda ke haɗa shi da mai masauki kaɗai, a jerin 192.168.56. Wannan na biyun ba ruwansa da data. Ko ta ƙare, ko mai wayar ya tafi kasuwa da abarsa, sabar tana nan tana amsa wa burauzar Windows.