Hoto a Littafin Koyon Turanci: Tsokaci a kan Queen Primer

Wannan taƙaitaccen tsokaci ya shafi matsayin hoto a littafin koyon Turanci, kuma an ɗauki Queen Primer a matsayin misali. A shekarar 2023 hukumomin Jihar Kano suka haramta littafin saboda wasu kalmomin da ke cikinsa. Sai dai muhawarar ba ta taɓo zane-zanensa ba, alhali nan ne babban rauninsa yake.

An tsara littafin ne a zamanin Sarauniya Biktoriya domin yaran Ingila, waɗanda da harshen suka tashi, don haka hoton tuni kawai yake yi musu. Yaron Kucigoro kuwa, ɗan Gbagyi ne, ko Bahaushe, ko ɗan gudun hijirar Gwoza, hoton ne tsaninsa zuwa ga ma'ana. Idan suturar da ke shafin da kayan wasan baƙi ne gare shi, baƙuwar kalma ta haɗu da baƙon hoto ke nan, dole ya koma ga hadda.

Saboda haka ya kyautu kwalejojin ilimi su sanya nazarin zane da tsarin shafi cikin horon malaman Turanci, domin malamin da bai iya auna hoto ba, ba zai iya zaɓa wa ɗalibansa littafi ba.